Kafin ka sayi kyamara, duba kwamfutar da za ka juye hotunan

Yawancin masu shiga kasuwa neman kyamara tambaya ɗaya ce a bakinsu: megafiksel nawa ce? Mai shago ya ce 24, a yi ciniki, a haɗa musu da memori mai giga 64 ko 128 don kada ya cika da wuri. Sai an dawo daga suna ko ɗaurin aure, an zare memorin an soka a tsohuwar laftof ɗin gida, sannan ɗan akwatin saƙo ya fito yana cewa ba a yi wa katin nan fomat ba, ko a yi yanzu? Wanda bai sani ba sai ya danna Yes, aikin yini guda ya salwanta. Kyamarar lafiyarta ƙalau, katin ma haka. Kwamfutar ce ba ta san irin tsarin da aka rubuta katin da shi ba. Shi ya sa nake ganin duk wanda kwamfutarsa ta kwana biyu, daga kanta ya kamata ya fara lissafi, sannan ya zaɓi kati, kyamara ta zo daga baya.

Abu uku za ka duba, kuma ba sai ka kira mai gyara ba. Ka danna linzamin dama a kan My Computer, ko Computer a Windows 7, ka zaɓi Properties. Nan za ka ga wace Windows ce a kai, RAM nawa ne, kuma daga Vista zuwa sama za ta gaya maka ko mai bit 32 ce ko 64. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da RAM fiye da giga 3 da ɗan ɗori ko da ka cika mata giga 8, kuma sababbin manhajojin hoto kusan duk sun koma bit 64. Na biyu, ka buɗe ma'adanar C ka ga sararin da ya rage. Na uku, ramukan USB. Ramin da cikinsa shuɗi ne USB 3.0 ne. Idan baƙi ne ko fari, ka shiga Device Manager, ka sauka ƙasa wajen jerin USB. In ka ga kalmar Enhanced to 2.0 gare ka, in babu ita to 1.1 ne. Bambancin ba ƙarami ba ne. USB 1.1 yana jan kimanin mega 1 a daƙiƙa, wato kati mai giga 16 da ya cika zai ci awa 4 da wani abu. USB 2.0 yana kai mega 25 zuwa 30 idan katin mai sauri ne, aikin minti 10 ke nan.

Yanzu batun memori, wanda nan ne gizo ke saƙar. Katin SD duk kamanninsu ɗaya a ido, amma waɗanda suka yaɗu gida uku ne. Akwai SD na asali, iyakarsa giga 2. Akwai SDHC da ya fito a 2006, daga giga 4 zuwa 32, wanda ake tsarawa da FAT32. Sai SDXC na 2009, daga giga 64 zuwa sama, shi kuma exFAT ne tsarinsa. FAT32 kowace Windows da za ka iya samu a hannun mutane yau ta san shi. Amma exFAT, Windows XP ba ta san shi ba sai an saka mata wani ƙarin gyara mai lamba KB955704, Vista kuma sai mai Service Pack 1. Windows 7 ce ta zo da shi tun daga farko. Wannan ne asalin saƙon fomat da na ambata.

Ko Windows ɗin ta san tsarin, akwai ramin katin da ke jikin laftof, shi ma da iyakarsa. Laftof ɗin da aka ƙera kafin SDHC ya yaɗu, wajejen 2006 zuwa 2007, sau da yawa raminta ba ya ganin katin da ya wuce giga 2. Ka soka, shiru, kamar ba ka saka komai ba. Maganinsa mai sauƙi ne kuma mai araha: kad rida ta waje, wadda ake sokawa a USB, wadda aka rubuta SDHC da SDXC a jikin kwalinta. Ita ke magana da katin, kwamfuta kuwa kallon filasha kawai take yi mata.

Shawarata ga mai tsohuwar kwamfuta ita ce katin SDHC mai giga 16 ko 32, guda biyu ko uku, maimakon ƙato guda ɗaya. Yawancin kyamarorin shekarun nan suna karɓarsa, kowace Windows tana karanta shi, kuma in ɗaya ya lalace ba duka aikin ya tafi ba. Ka nemi mai alamar 10 a cikin da'ira ko U1, wato yana rubuta aƙalla mega 10 a daƙiƙa, ya isa hoto da bidiyon 1080. Cikakken kati ya fi ƙaramin memorin waya da ake cusawa a adafta, don haɗin da ke tsakanin su biyun yana yawan kawo tangarɗa. Kuma jabu ya yi yawa a kasuwa: kati ya nuna giga 64 alhali cikinsa 8 ne, hotunan farko su buɗe, na baya duk su zama fanko. Akwai ƙaramar manhaja kyauta, H2testw, da ke aiki har a XP. Tana cika katin da bayanai, ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin girmansa. Ka yi wannan gwajin ranar da ka sayo kati, kafin hoton kowa ya shiga.

To, ita kyamarar fa?

Megafiksel ba shi ne kyan hoto ba, girman hoto ne. Hoton da ake wankewa mai inci 4 da 6 a kan ɗigo 300 a kowane inci, fiksel 1200 sau 1800 yake buƙata, megafiksel 2 da kaɗan. Mai inci 8 da 10 megafiksel 7 ne da ɗoriya. Takardar A4 ba ta kai 9 ba. Ke nan kyamara mai 12 zuwa 18 ta wadatar da albam da firem ɗin bango, har da sararin yanke gefe. Abin da ƙarin megafiksel ke jawowa shi ne nauyi a kan kwamfuta. Hoton JPEG da ke mega 10 a kan kati, idan manhaja ta buɗe shi sai ta warware shi gaba ɗaya a cikin RAM: mai megafiksel 24 yana cin kimanin mega 72, mai 12 rabin haka. Ka buɗe guda biyar a Photoshop a kan RAM giga 2, ka ƙara leya biyu, sai ka ga kwamfuta ta fara jan ƙafa.

Abin da ya fi tasiri a kyan hoto, musamman a zauren biki da dare ko cikin ɗaki, shi ne faɗin sensa, wato farantin da ke karɓar haske. Na ƙananan kyamarorin aljihu bai wuce milimita 6 da 4 da rabi ba, kusan irin na waya, don haka in dai kana da waya mai kyau ba lallai ka ga wani ci gaba ba. Na DSLR (manyan kyamarorin da ake canja musu lens) masu matsakaicin kuɗi, wanda ake kira APS-C, kimanin milimita 23 da 15 ne, ya ninka wancan fiye da sau goma. Nan ne ake samun fuska fes a cikin ƙarancin haske da kuma bayan da ya narke.

A cikin na hannu da ke yawo a kasuwanninmu, waɗanda suka dace da tsohuwar kwamfuta su ne irin Canon 600D ta 2011 da 700D ta 2013, duk masu megafiksel 18, da Nikon D3100 mai 14, D5100 mai 16, da D90 ta 2008 mai 12. Duk SD suke ci, fayilolinsu ba su da nauyi sosai, kuma ana samun batirinsu: LP-E8 na Canon ɗin biyu, EN-EL14 na D3100 da D5100. In ka samu mai 24 irin D3200 ko D3300 a farashi mai kyau, kada ka ƙi ta saboda kwamfuta. A cikin menu akwai zaɓin girman hoto, L da M da S, sai ka sauko M. Ita ma 600D a kan M hoto mai megafiksel 8 take bayarwa.

Akwai tarkuna biyu da mai saye ya kamata ya sani. Nikon jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya lens a jikinsu, saboda haka tsohon lens mai AF kawai ba zai yi fokas da kansa ba, sai mai AF-S, wanda ke da nasa injin. Sabon nau'in AF-P kuma ba ya aiki da D3100, D3200, D5100 ko D90, ko da ya shiga ya zauna daram. A ɓangaren Canon, 4000D da yawancin 2000D an cire musu fil ɗin tsakiya a wurin ɗora fitila, don haka fitilun nan masu araha na gama-gari ba sa tashi a kansu. Mai ɗaukar biki ya leƙa wurin da idonsa kafin ya biya. Manyan tsofaffi irin Canon 5D Mark II da 7D kuwa CompactFlash suke ci, to ridarka ta zama mai ramin CF, kuma a riƙa saka katin a hankali, domin fil ɗin ciki siririya ce, tana lanƙwashewa. Tsofaffin ƙananan kyamarori masu katin xD ko Memory Stick kaɗai, ka bar su, neman katin ma wahala ne.

Idan za ka je saye, ka tafi da katinka, in da hali har da laftof ɗin. Ka matse ƙofar hasken lens zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka faɗaɗa hoton: ɗige-ɗigen da suka tsaya wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa. Kaɗan ana gogewa, amma layi ko karce a bar wa mai shi. Ka cire lens ka haska tocilan ta cikinsa. Abin da ya yi kama da saƙar gizo fumfuna ce da danshi ya haifar, tana yawan zuwa da kayan da suka daɗe a ajiye a wuri mai laima. Ka tambayi adadin ɗaukar da shota, wato marfin da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, ta yi. Ƙananan DSLR irin D3200 an gwada shotarsu kan ɗauka 100,000 ne. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta da manhajar da ke karantawa. Sannan ka juye hotunan gwajin a laftof ɗinka nan take, ka ga sun buɗe.

RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ko JPEG? Ga mai tsohuwar kwamfuta, JPEG mafi inganci, wanda Canon ke kira Large Fine, Nikon kuma Fine. Fayil ɗin RAW na 600D yana kai mega 24 ko 25, JPEG ɗinta kusan 6. Hoto 1,000 na biki giga 25 ke nan a RAW, giga 6 a JPEG. Bayan nauyi, RAW ba tsari ɗaya ba ne, kowace kyamara da nata, kuma manhajar da ta girmi kyamarar ba za ta buɗe shi ba. Photoshop CS6, wanda har yanzu ɗakunan hoto da yawa ke riƙe da shi, an daina ƙara masa sababbin kyamarori a 2015, a kan Camera Raw 9.1.1. Shi ya sa yake buɗe fayil ɗin RAW mai suna CR2 na 600D amma ya ƙi CR2 na 1300D da ta fito a 2016, alhali sunan fayil ɗin iri ɗaya ne. CR3 da Canon ta fara da M50 a 2018 kuwa ba a maganarsa. Wanda ya matsu da RAW ya saita kyamara ta ɗauki RAW da JPEG tare, don ko ɗaya ya ƙi, ɗayan zai buɗe. Haka ma bidiyo: ka tsaya a 1080 mai tsarin H.264. Na 4K da H.265 tsohon furosesa ba zai iya jansu ba, sai sarƙewa.

Saiti uku a cikin kyamara suna rage ciwon kai daga baya. Ka gyara rana da lokaci. Ka bar launi a kan sRGB. In ka ga sunan hotunanka ya fara da ɗan layin ƙasa, kamar _MG_0001 ko _DSC0001, to tana kan Adobe RGB, kuma launin zai fito a dishe a yawancin wuraren wanki. Sannan lambar fayil: a Canon ka zaɓi Continuous, a Nikon ka kunna File number sequence. In ba haka ba, duk lokacin da ka yi fomat za ta koma 0001, ka wayi gari da DSC_0001 guda biyar, wata rana ɗaya ya hau kan ɗaya.

Wajen juyewa, hanya biyu ce: waya daga kyamara zuwa kwamfuta, ko a zare kati a saka a rida. Ta biyun na fi so, nesa ba kusa ba. Da waya, kyamara a kunne take tana shan batir, in ya mutu a tsakiya aikin ya katse. Canon kuma ba ta bayyana a matsayin ma'adana mai harafi irin E ko F, ta wata hanya da ake kira PTP take magana, wadda a tsofaffin Windows takan yi nawa ko ta ɓoye wasu fayilolin RAW. Ga matsalar wayar kanta: Canon da yawa mini-USB ne bakinsu, D3200 da D3300 nasu bakin na daban ne, kuma wayoyin caji masu araha babu layin bayanai a cikinsu sam. In dole sai da waya, batir ya cika, kuma a kwamfutar tebur a soka a ramukan baya da ke manne da allon uwa, sun fi na gaba ƙarfi.

Da rida kuwa, ga yadda ake yi. Ka kashe kyamara, ka jira ɗan fitilar kati ta daina ƙiftawa, sannan ka zare. A gefen hagu na katin akwai ɗan maɓalli, ka zame shi ƙasa zuwa Lock. Wannan ɗan motsin yana da amfani ƙwarai, domin yawancin ridoji suna mutunta shi, sai su hana kwamfuta rubuta komai a kan katin, ko fomat bisa kuskure ko bairos. Ka soka, ka rufe duk wani akwati da ya buɗe kansa yana neman shigo maka da hotuna, ka shiga katin da hannunka. Za ka ga folda mai suna DCIM, cikinta 100CANON ko 100MSDCF ko makamancinsu. Ka buɗe sabuwar folda a kwamfuta, sunanta ya fara da shekara, wata, rana, kamar 2025-03-14 Suna, don su jeru da kansu. In laftof ɗin na da ɓangaren D, can ya fi, saboda ranar da za a sake wa kwamfuta Windows, C ake sharewa, har da abin da ke kan Desktop.

Copy za ka yi, ba Cut ba. Da Cut, in aka ɗauke wuta ko rida ta motsa, sai ka rasa wanne ya wuce wanne ya rage. Kuma ka kwafe katin gaba ɗaya, kada ka tsaya a DCIM. Sony da Panasonic suna ajiye bidiyon AVCHD a wata folda daban mai suna PRIVATE. Mutane da yawa sun kwashe hotuna sun yi fomat, sai daga baya suka tarar bidiyon bai biyo ba. Da ya gama, ka duba Properties na foldar kati da ta kwamfuta, adadin fayiloli da girmansu su zo daidai. Ka buɗe hoton farko, na tsakiya da na ƙarshe. Sannan Safely Remove, ka zare. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ka guji juye babban aiki a kanta lokacin da wuta ke rawa.

Idan ka ga hotunan tsaye sun kwanta a gefe, ba laifin kyamara ba ne. Manhajar kallon hoto ta XP da ta Windows 7 ba sa karanta alamar juyi da kyamara ke sakawa. FastStone Image Viewer kyauta ce, mara nauyi, tana miƙe su, kuma tana da sauri wajen tace hotuna ko a kan RAM giga 1.

Kada ka yi wa kati fomat sai hotunan suna wuri biyu, cikin kwamfuta da kuma ma'adanar waje. Faifan tsohuwar laftof ya yi shekaru yana juyawa cikin zafi da ƙura, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Mai XP ya tsaya a ma'adanar da ba ta wuce tera 2 ba, don waɗanda suka fi haka da tsarin GPT suke zuwa, XP mai bit 32 kuwa ba ta ganinsa. Fomat ɗin kuma a cikin kyamara za ka yi, bayan ka mayar da maɓallin Lock sama, domin ita ta san yadda take son foldojinta.

Bairos ɗin nan mai mayar da folda gajeriyar hanya, wato shortcut, ya zama ruwan dare a shagunan buga takardu da wuraren wanki, kuma XP da Windows 7 sun daina samun gyaran tsaro tun 2014 da 2020. Kada ka kai katin kyamara wurin wanki; ka zuba waɗanda za a wanke a filasha daban. In ya riga ya kama kati, ka ga DCIM ta ɓace ko ta zama alama mai ɗan kibiya, kada ka danna ta, hotunan suna nan an ɓoye su ne. Ka buɗe Command Prompt, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin katinka, ka danna Enter. Foldojin za su dawo, ka kwashe hotunan kawai, ka goge bairos daga kwamfutar, sannan ka yi wa kati fomat a kyamara.

In kuwa an riga an danna Yes ɗin can, ko an goge hotuna bisa kuskure, ka zare katin nan take, kada ka ɗauki ko hoto ɗaya a kansa. Fomat na gaggawa jerin sunaye kawai yake sharewa, hotunan suna kwance har sai sabo ya hau kansu. Ka kulle katin, ka saka a rida, ka yi amfani da PhotoRec ko Recuva, dukansu kyauta ne kuma suna tafiya a tsofaffin Windows. Abin da suka tono ka ajiye shi a kwamfuta, ba a kan katin ba. PhotoRec ba ya dawo da sunayen asali, lambobi zai ba su, amma ranar ɗauka tana nan a cikin kowane hoto, sai ka jera su da Date taken su koma yadda aka ɗauke su.